Kafar Iskar Ɗakin Nanna

Lahadi, 14 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Tun jiya da safe kakata Nanna tana asibitin birni. Baba yana can tare da ita, shi da yayansa Baffa Mas'ud. Mama ta ce in tafi makaranta kamar kowace Lahadi, farkon makonmu, zamana a gida ba zai tashe ta ba. Na tafi. Ban san abin da aka koyar ba.

Wannan littafin na darasin tarihi ne, akwai sauran shafuka da yawa a bayansa. Da can Nanna nake ba labarin yinina idan na dawo. Tana tsefe ulu, tana cewa "sai kuma me?" ko da labarin ya ƙare. Shekara tara muna ɗaki ɗaya ni da ita: gadonta a jikin bangon gabas, teburina a ƙarƙashin taga, murhun ɗumi mai cin mazut, wato man dizal, a tsakiya. Yanzu an kulle ɗakin. 'Yan kwana-kwanan da suka ɗauke ta sun ce kada a sake kunna murhun sai an zo daga ofishin gunduma an duba.

Ina kwana a ɗakin girki kusa da Mama. Ragowar abincin da aka dafa ranar Juma'a don bikin Yannayar, sabuwar shekarar gargajiyarmu, yana nan a tukunya, ba wanda ya sake taɓa shi.

Jakata ta yi nauyi yau. Ba littattafai ba ne.

Litinin, 15 ga Janairu, da azahar

Ba ta farka ba.

Talata, 16 ga Janairu, bayan la'asar

Ta buɗe ido da safe. Alhamdulillahi. Likita ya ce iskar murhu ce ta shaƙa, irin wadda ba ta da wari ba ta da launi.

Baba da Baffa sun dawo ɗaukar mata kaya. A tsakar gida suka tsaya, cikin dusar ƙanƙara, suna kallon bayan ɗakinmu. Ina wanke kofuna, tagar a buɗe kaɗan.

Baffa ya ce, "Dube shi. Si Layashi mai bututu. Duk murhun da ya yi tari a garin nan kai ake kira. Ka shiga gidan mutane kana yi musu wa'azi. Uwarka kuma ka bar ta da guntun abu kamar wutsiyar akuya."

Baba ya ce, "Rage murya, Dadda. Yarinya tana ji." Haka yake ce masa, don shi ne babba.

"Ta ji mana. Ba don ta kwana a falo da 'yata ba, da biyu za mu ɗauka."

"Ita ta hana a taɓa sheƙar. Ka sani."

"Tsohuwa ta ce kada ka taɓa gidan tsuntsu sai ka ce to? Da ta ce ka zuba mata mazut a kofi fa?"

Baba ya zaro makullin ɗakin daga aljihu.

Zan rubuta yadda abin yake, don in gan shi a rubuce. Mafitar hayaƙin gidanmu ta asali, ta zamanin kakana, shamuwa ta yi sheƙa a kanta tun kafin a haife ni. Da aka sayo murhun, ta nan ya kamata bututun ya bi. Nanna ta rantse in aka taɓa ko kara ɗaya na sheƙar za ta bar gidan. Sai Baba ya huda bango ya fitar da bututun ta baya, ya lanƙwasa shi sama, ya tsaya a ƙarƙashin bakin rufi. Ya ce zai ƙara tsawonsa idan ya sami sarari. Sanyi uku ke nan.

Baba ya buɗe ɗakin ya shiga shi kaɗai. Ya daɗe fiye da yadda ɗaukar zane biyu da carbi ke buƙata.

Alhamis, 18 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Si Tayyib, malaminmu na kimiyya, mutumin kirki ne, na san ba da mugun nufi ya yi ba. Ya ajiye darasin yau ya ce zai yi magana a kan murhu, "tun da abin ya faru a garin nan, a makon nan." Aji duka ya juyo.

Ya ce, "Nuwara, ke kaɗai kika amsa tambayar nan daidai a jarrabawar Nuwamba. Abu biyu da ɗaki mai murhu yake buƙata?"

Na miƙe. Na ce, "Hanyar da hayaƙi zai fita, da hanyar da iska za ta shigo."

Ya ce, "Madalla. Kun ji ko? Biyu ne, ba ɗaya ba."

Na zauna. Na sa ƙafata a kan jakata har aka tashi.

A gidan burodi, wani mutum da ban juya na ga fuskarsa ba ya ce wa mai burodin, "Nawa ma yana hayaƙi, na so in kira Si Layashi. Sai na tuna ina son in ga bazara." Aka yi dariya. Mai burodin ya gan ni, ya yi tari, ya ƙara mini guda ɗaya ban tambaya ba.

Na karɓa na fita.

Juma'a, 19 ga Janairu, da hantsi

Mama tana wanki. Ta ce, "Ina jar rigarki ta ulu, wadda Nanna ta saƙa miki? Tun ranar biki ban gan ta a jikinki ba."

Na ce wataƙila tana cikin ɗakin da aka kulle.

Ta ce, "Ke dai ba kya magana. Sanyi zai kashe ki ba za ki ce uffan ba."

Lahadi, 21 ga Janairu, bayan magariba

An zo daga ofishin gunduma. Na ɗauka tsoho za a turo. Mace ce, ba ta kai shekarun Mama ba, da takalman roba har gwiwa da abin awo a aljihu. Sunanta Injiniya Warda. Ba 'yar garin nan ba ce.

Ta fara da waje. Ta hau tsani ta auna, ta sauko tana karkaɗe hannu.

"Si Layashi, doka ta ce bakin bututu ya wuce ƙololuwar rufi da santimita arba'in. Naka ko rufin bai kai ba, kuma ga shi yana fuskantar dutse, inda iska ke saukowa. Ka fi ni sanin wannan."

Baba ya ce, "Na sani, Injiniya."

"To me ya sa?"

Ya nuna mata sheƙar da haɓa. Ta kalle ta, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Ta biyar ke nan a sanyin bana. Shamuwa ta fi gunduma iko a garuruwan nan."

Sai muka shiga ɗakin. Yana warin Nanna da warin mai. Ta duba murhun, ta duba ƙofa, ta ga tsumman da Nanna ke shimfiɗawa a ƙarƙashinta. Daga nan ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin teburina.

A nan kafar iskar take. Rami ne mai kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu biyu, ya ratsa bango, da ragar ƙarfe ta waje. Ta zura hannu.

"A buɗe take. Haka take ran nan?"

Baba ya ce, "Haka take." Ko numfashi bai ja ba kafin ya faɗa.

Ta ce, "Abin mamaki. In na shiga gida goma, tara zan samu an cusa tsumma a ciki. Kuma da wannan a buɗe, ko da guntun bututu, ban zaci abin zai kai haka ba." Ta ɗago ta dube ni. "Teburin wa ye?"

Na ce nawa.

"Ba kya jin sanyi a nan?"

Baba ya ce, "Yarinyar ba ta da ƙorafi."

Ta rubuta wani abu. A bakin ƙofa ta faɗa masa gaskiya, ba ta ɓoye ba. Za ta miƙa rahoto ranar ɗaya ga wata. Sunan Baba yana cikin jerin waɗanda gunduma ta yarda su haɗa murhu a makarantu da sababbin gidaje. In rahoton ya ce sakacin mai sana'a ne kaɗai, za a cire shi, kuma wanda aka cire ba ya komawa.

Baba ya ce, "Ki rubuta abin da kika gani, 'yata."

Ta ce, "Shi nake yi."

Abin da ta gani.

Litinin, 22 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Shamuwa ta iso. Guda ɗaya. Tana tsaye a kan sheƙar da ƙafa ɗaya.

Laraba, 24 ga Janairu, ƙarfe biyar

Ban taɓa ganin Baba a gida da rana a watan Janairu ba. A wannan watan wayarsa ba ta yin shiru, har Mama takan ce a ɗaura mata aure da shi ta huta. Kwana huɗu ke nan ba ta yi ƙara ba, sai jiya, shugaban makarantar firamare ya kira ya ce a dakata da aikin azuzuwa tukuna.

Yana zaune a rumfar aikinsa yana goge kayan da ba su yi datti ba. Ya jera su, ya sake jerawa. Na kai masa gahawa. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na tsaya. Ya ce, "Akwai wani abu?" Na ce sukari ya isa? Ya ce ya isa.

Ya daina zuwa shagon gahawa bayan la'asar.

A makaranta ina cin abincina a aji. Ba wanda ya kore ni daga ko'ina. Ni ce ba na son barin jakar.

Juma'a, 26 ga Janairu, bayan isha'i

Mun je asibiti. Ta ƙanƙance a cikin gadon. Maganarta a hankali take fitowa, hannunta na hagu yana rawa. Amma ta gane ni.

"'Yar ɗakina. Zo nan. Tsuntsuna ya zo?"

Na ce ɗaya ya zo.

"Namijin ne. Shi ke riga zuwa ya gyara gida. Malalaci ne, bara sai da matar ta zo ta sake aikin duka." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ba ta tuna ranar biki ba. Ta tuna ana murza gurasa da safe, daga nan sai farin silin asibiti. Likita ya ce wataƙila ba za ta taɓa tunawa ba.

Ta kama hannuna ta ce, "Ƙafafun nan naki fa? Kullum kamar kifin da aka ciro daga ruwa. Wa ke ɗumama miki su yanzu?"

Na ce ina sa safa biyu.

A baranda Baffa ya ce in an sallame ta gidansa za ta, hawa na huɗu, inda ɗumi ke zuwa ta bango ba wanda ke kunna komai. Ya ce, "Ba zan mayar da ita inda aka gwada kashe ta ba." Mama ta ce, "Si Mas'ud, ka ji tsoron Allah." Baba ya ce, "Bar shi, Hadda." Ya tafi neman mota.

A hanyar dawowa na ƙirga sandunan lantarki har na ɓata lissafi.

Asabar, 27 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Zan rubuta sau ɗaya.

Ranar Juma'ar biki, bayan la'asar, gida ya cika da baƙi, ni kuma ina da jarrabawar lissafi ranar Lahadi. Na shiga ɗaki in yi karatu. Iska tana shigowa ta kafar nan kai tsaye a kan ƙafafuna, kamar yadda take yi kullum, amma ran nan ta fi. Yatsuna sun daina ji. Na tuɓe jar rigata na dunƙule ta na cusa a ramin, na tura da dunduniya har ta toshe. Na ce zuwa magariba zan cire. Ɗakin ya yi daɗi. Nanna ta shigo ta ce, "Yau kam ɗakin nan ya zama na mutane."

Aka kira ni cin abinci. 'Yar Baffa ta ce in kwana da ita a falo mu yi hira. Ba a cika cewa in zo a yi hira da ni ba. Na ji daɗi. Na manta.

Da safe, lokacin da suke fitar da ita a cikin bargo, kowa yana waje yana salati, ni na koma ciki. Ban je wurinta ba. Ƙarƙashin tebur na je.

Na ci maki ashirin cikin ashirin a Nuwamba.

Lahadi, 28 ga Janairu, da yamma

Saura kwana huɗu a miƙa rahoton.

Litinin, 29 ga Janairu, ƙarfe ɗaya

Na je har ƙofar ofishin gunduma a lokacin hutun rana. Mai gadi ya ce, "Takardar haihuwa? Taga ta uku." Na ce na gode. Na tsaya a layin taga ta uku har aka kusa zuwa kaina, sannan na fita.

Shamuwar tana nan ita kaɗai. Tana kawo kara tana ajiyewa, iska tana zubarwa.

Talata, 30 ga Janairu, ƙarfe biyu da rabi

Na shiga.

Ofishinta ƙarami ne, takardu har kan kujera. Ta kwashe su ta ce in zauna. Duk abin da na haddace a hanya ya gudu. Sai na buɗe jaka na ɗora rigar a kan teburinta.

Ta warware ta. A bayanta akwai tabo mai kusurwa huɗu, tsatsa da baƙi, har zanen ragar ya fito. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe?"

"Juma'a da la'asar."

"Wa ya cire?"

"Ni. Lokacin da ake fitar da ita."

"Babanki ne ya turo ki?"

"Bai sani ba."

Ta kalle ni wani iri, kamar za ta ce wani abu, ta fasa. Ta zuba mini ruwa.

Ta ce, "Saurara, Nuwara. Ba zan goge bututun daga rahotona ba. Gajere ne jiya, gajere ne yau. Da ya kai inda doka ta ce, da ko kin toshe, hayaƙi zai sami ƙarfin fita, wataƙila ciwon kai kawai za ta tashi da shi. Da kuma kafar a buɗe take, da ta kwana lafiya kamar yadda ta yi sanyi uku tana kwana. Abu biyu ne suka haɗu. Yanzu zan iya rubuta biyun."

Na ce za a cire shi?

"Ba ni ke cirewa ba. Amma wanda ya bar aiki bai ƙarasa ba daban, wanda aikinsa kaɗai ya kwantar da mutum daban. Masu karantawa sun san bambancin."

Na ce sunana zai shiga?

"Zan rubuta 'wani daga mutanen gidan'. Sai dai garinku ne, kin fi ni saninsa. Kafin tawada ta bushe sun ƙirga mutanen gidan." Ta ninke rigar ta miƙo mini. "Ki faɗa masa da bakinki kafin Alhamis. Kada ya ji a shagon gahawa."

Na ce ba ya zuwa yanzu.

Ta ce, "To ki sa ya koma."

Laraba, 31 ga Janairu, bayan la'asar

A bakin rumfar na tsaya na faɗa, ina kallon takalmansa. Bai daina goge abin da yake gogewa ba har na gama. Da na zo wurin ofishin gunduma ne hannunsa ya tsaya.

"Kin je ina?"

Na maimaita.

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da kwalin ashana. Baba ba ya shan taba. Ya tura shi ya buɗe. Zare ne ja, guntu-guntu, kamar bakwai ko takwas.

"A jikin ragar suka maƙale. Ranar da na zo ɗaukar mata kaya na durƙusa na duba. Dubawa ce sana'ata."

Kwana goma sha biyar yana yawo da su.

Ya ce, "Wa ya ce ki je? Na tsince su ɗaya-ɗaya da farce don kada ki shiga takardar kowa. Ni shekara ashirin da biyu ina hawa rufin mutanen nan, su yi surutu su gaji. Ke shekararki goma sha shida. Har ki yi furfura za a riƙa cewa ga wadda ta toshe wa kakarta iska."

Ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Na ce, "Injiniya ta tambaye ka, ka ce a buɗe take."

"Na ce."

"Da an cire ka."

"Da an cire ni." Ya rufe kwalin. "Bututun kuwa nawa ne, Nuwara. Wannan ba don ke na ɗauka ba. Nawa ne."

Ya juya mini baya. Na jira, bai ƙara ba. Ya ƙi fitowa cin abinci. Mama ta kai masa, ta daɗe, ta dawo idonta ja. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi sauƙi. Hannu kawai ta miƙo, na ba ta rigar.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, da azahar

An miƙa.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, ƙarfe biyar

Takarda ta zo. An dakatar da shi har sai ya gyara na gidansa an sake dubawa. Ba a cire shi ba. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun da kwalin yake. Har yanzu "ina kwana" da "lafiya" ne tsakaninmu.

Injiniya ta yi gaskiya, sun ƙirga. Da na shiga aji aka yi shiru. Wata ta ja jakarta daga kan bencinmu kamar zan toshe ta ita ma. Si Tayyib bai kira sunana ba ko sau ɗaya, kuma na san don tausayi ne, shi ya fi ciwo.

Mama ta wanke rigar sau biyu. Tabon bai fita ba.

Talata, 6 ga Fabrairu, bayan la'asar

Halti Mbarka, maƙwabciyarmu ta bayan masallaci, ta shigo ba sallama sosai, da kwando a hannu.

"Ina mai bututun? Si Layashi, fito, ba cizo na zo yi ba."

Baba ya fito. Ta zaro wani abu daga kwandon ta ɗaga shi sama. Wando ne, baƙi ƙirin da ƙura, gwiwa ɗaya ɓera ya cinye.

"Na mijina Alhaji ne. Shekara shida yana nemansa, har ya zargi ƙanena. A kafar iskar ɗakin jikokina yake. Ni na sa." Ta juyo wurina. "Ke, 'yar Hadda, ɗago kanki. Duk matan layinmu jiya a durƙushe suka yini kamar masu neman allura. Wata matashin kai ta ciro. Ba wadda za ta faɗa, ni dai bakina ba ya da ƙofa."

Mama ta yi dariya, karo na farko tun ranar biki, ta rufe baki da gyale.

Halti ta ce wa Baba, "In sun sake ka, ka fara da nawa. Ba don ka iya ba, don kai ne ka fi kusa."

Baba ya ce, "Na ji, Hajiya."

Asabar, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Ya hau rufi tun da rana ta fito. Bai taɓa sheƙar ba. Ya bi da sabon bututu ta jikin bango, ya ɗaure shi da ƙarfe uku, ya wuce da shi ta ɗaya gefen har ya fi ƙololuwa tsawo. Ya auna sau biyu. Shamuwar ta tsaya tana kallonsa kamar ita ce injiniyar.

Sun zama biyu tun shekaranjiya. Ban rubuta ba.

An sallami Nanna, tana gidan Baffa. Ta kira, ta ce a ba ta 'yar ɗakinta. Na karɓi wayar.

Ta ce, "Mas'ud ya faɗa mini. Sau uku ya faɗa, yana jira in yi fushi." Na ji tana neman numfashi. "Mu uku ne, ki ƙirga da kyau. Ni da tsuntsuna, ubanki da gobe-gobensa, ke da ƙafafunki. Ki daina cinye laifin ke kaɗai, ba haka na koya miki cin abinci ba."

Na ce yaushe za ta dawo?

"Mas'ud ya ce sai an yi ɗumi. Likita ma haka. Nan ba abin da ake gani ta taga sai wankin mutane. Hannun nan ba zai sake saƙa ba, Nuwara. Ki riƙe waccan da kyau."

Litinin, 12 ga Fabrairu, bayan magariba

Injiniya ta zo da safe ta auna ta sa hannu. An kunna murhun. Na dawo ɗakinmu. Na sa jar rigar, tabon yana baya, ba ni ke ganinsa ba.

Na zauna a teburina da safa biyu. Iska tana shigowa kamar da. Na naɗe ƙafafuna a ƙarƙashina na buɗe littafi.

Baba ya shigo duba wutar. Ya duba, ya gama, bai fita ba. Ya kalli yadda na zauna. Ya ce, "Tashi."

Ya ɗauki teburin shi kaɗai, da littattafan a kai, ya kai shi bangon gabas ya ajiye kusa da gadon Nanna. Ya dawo ya ɗauki kujerar. Bai kai minti ɗaya ba.

Ya ce, "Sanyi uku kina zaune a bakin ramin nan. Me ya hana ki ce mini ƙafafunki suna sanyi?"

Na ce ban san yadda zan faɗa ba.

Ya ce, "Haka ake faɗa. Baba, ina jin sanyi." Ya shafa gemunsa. "Ni ma ban tambaya ba."

Ya zauna a bakin gadonta, a hankali, kamar kada ya ɓata shimfiɗar. Ya ce me aka koya mana yau. Na faɗa masa a jimla biyu, don ban saba ba: tarihi, da lissafin da na faɗi a jarrabawarsa. Na yi shiru. Murhun yana ƙararsa. Iska tana shigowa ta kafar, ba ta samun kowa.

Ya ce, "Sai kuma me?"

Ashe shi ma haka take ce masa.